Awannin Batula

Tun ranar da aka kafa na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofar injin shinkafar Alhaji Ɗangiwa da ke Tambuwal, matan wurin suka daina yi wa juna riƙon aiki. Da can idan mace ta tashi da ciwon kai, ko aka yi mata rasuwa, sai wata ta shanya mata kasonta, ta tsince mata tsakuwa, da yamma a rubuta sunan wadda ba ta zo ba, kowa ya kau da kai. Ita kuwa na'ura ba ta san kara ba. Yatsanki take so lokacin shiga da lokacin fita, ta ƙirga miki awanninki ta ajiye.

Ba don mugunta aka kawo ta ba, a faɗi gaskiya. Wata ƙungiya ce ta zo ta ƙulla yarjejeniya da Alhaji, cewa duk matar da aikinta ya kai awa goma sha shida a mako za a ba ta katin asibiti, ita da 'ya'yanta, da magani da gado da ƙarin ruwa duk a cikinsa. An ce shi ma Alhajin ana rage masa wani abu a haraji saboda haka, amma wannan ba ta dami mata ba. Abin da ya dame su shi ne, duk bayan wata uku ake tattara awannin a raba a ga ko mace ta kai. In ta kai, kati ya ci gaba. In ta gaza, ko da ɗan kaɗan ne, a rufe shi, sai ta sake cika wasu wata ukun kafin a buɗe.

Wanda ya tsara wannan doka, ko wane ne shi, bai taɓa leƙa injin shinkafa da bazara ba. Da kaka aiki yakan fi ƙarfin mata, a turara, a shanya, a casa, a sheƙe, har mace ta manta ba ta ci abinci ba. Amma rarar kaka ba ta bin ki zuwa bazara, a nan take mutuwa. Da shinkafa ta ƙare a hannun manoma sai injin ya koma tashi yau, gobe da jibi ya kwanta, mata su yi ta zaman jiran mota.

Batula matar Na'iya mai gyaran babur tana cikin waɗanda katin nan ya zame musu numfashi. 'Ya'yanta uku da ke gabanta lafiyarsu lau, ko mura ba ta cika kama su ba. Ta farin ce, Zulaihat, aka haifa da ciwon sikila. Tun da aka yaye ta aka kai ta Kebbe wurin Inna Madina, mahaifiyar Batula, kamar yadda ake yi da 'yar fari, can ta girma har ta kai shekara goma sha uku. Batula ba ta taɓa kiran sunanta ba. In magana ta kama dole, sai ta ce ta wajen Inna. Ita kuma yarinyar Adda take ce mata, kamar wata yayarta. Kafin zuwan katin, duk tashin ciwo sai Na'iya ya sayar da akuya ko ya ci bashi, wani lokaci kuma a bar ta a ɗaki da jiƙo da addu'a tana ihu har muryarta ta dushe. Bayan zuwansa, da ta fara cewa ƙafa, sai asibiti. Batula ba ta taɓa gaya wa kowa cewa saboda wannan take fitowa aiki ba, kowa kuma ya sani.

Da aiki ya ja baya a bazarar bana, Atu shugabar mata ta tara su a ƙarƙashin rumfar shanya. Atu yayar Na'iya ce, uwa ɗaya uba ɗaya, mace mai tsare gida wadda ta fi tsoron a ce ta yi son kai fiye da tsoron wuta.

"Kun gani da idonku," in ji ta. "Aikin da ar rage ba ya isar kowa. Wadda ad da lalura babba gida ta faɗi yanzu, mu ƙara mata kwanaki, sauran mu yi haƙuri."

Ruwaida ta ce tagwayenta ba sa rabuwa da masassara. Hamdiya ta dafa cikinta, ta ce likita ya ce jininta ya hau, haihuwar nan sai a asibiti. Wata ta kawo nata, wata ta ƙara gishiri a nata, Atu na jinjina kai. Can ta juyo.

"Batula, ke fa?"

Maganar tana bakin Batula, har ta ji ɗacinta. Amma ta yaya za ta buɗe baki a gaban mata, a gaban yayar mijinta, ta yi roƙo saboda 'yar fari? Ta tabbata Atu za ta faɗa da kanta, ai 'yar ƙaninta ce, ta san komai. Sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"Lafiya lau, Yaya. Dut yadda anka yi daidai na."

Atu ta ɗan tsaya. Ita ma jira take Batula ta furta ko da rabin kalma ce, ta samu abin kamawa, don kada gobe a ce shugaba ta kwashe kwanaki ta kai gidan ƙaninta. Mata suka fara gyara zama. Haka mata biyu masu hankali, kowacce tana yi wa ɗaya kara, suka bar yarinya a tsakiya. Aka ba Batula safiya biyu a mako.

Ta koma gida ranta a ɓace, ta huce a kan yara, ta ƙona miya. Na'iya ya tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya. Shi ma bai ja maganar ba, don shi ɗin ma 'yar farinsa ce.

Ruwan farko ya sauka da sanyinsa, ciwon Zulaihat ya motsa. Batula ta ce wa Atu za ta je Kebbe gaida Inna, Atu ta ce a gaishe ta, ba wadda ta ambaci dalili. A can ma a bakin ƙofa Batula ta riƙa zama tana tankaɗe, kunnenta na cikin ɗaki. In yarinya ta yi nishi, hannunta ya tsaya, in ta yi shiru ya ci gaba. Ita ke dama kunun, Inna Madina ke shiga da shi. Sai da jiki ya yi sauƙi ta dawo, mako ya wuce, safiyoyinta biyu sun bi ruwa.

Abdulhakeem, wanda ke kula da na'ura a ofis, shi ya tare ta ranar da ta dawo. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya son isar da mummunan labari, sai da ya yi ta kewaye-kewaye.

"Gwaggo Batula, awanninki sun yi ƙasa ƙwarai. In wata ya ƙare haka, za su rufe katin."

"Ai da kaka ni nika fara zuwa, ni nika ƙarshen tashi. Wannan fa?"

"Wancan lissafin ya wuce, Gwaggo. Na wata ukun nan suka duba."

"To ka gaya musu ba ƙin aiki niy yi ba. Aikin na babu."

"Na sha gaya musu. Sun ce doka ɗaya ta ga kowa." Ya sosa ƙeya. "In da za ki samu aiki kullum daga nan har ƙarshen wata, ba fashi ko na yini guda, za ki kai. Da ƙyar, amma za ki kai."

Ta tsaya tana kallonsa. In aka rufe yanzu, damina ce gaba, lokacin da sanyi ke shiga ƙashin yarinyar ya ƙi fita. Tsoro ya kama ta.

Da la'asar ta yafa mayafi ta nufi gidan Atu. Ta same ta tana gyaran zogale. Suka gaisa, suka sake gaisawa, aka tambayi yara, aka tambayi zafi, har gaisuwa ta ƙare ba sauran abin tambaya.

"Yaya, za su rufe katin."

Atu ta ajiye faranti. "Na jiya."

"Ta wajen Inna ba ta iya damina babu shi. Kin sani."

"Na sani mana. To mi ya hana ki faɗi ranar da nit tambaye ki? Har sunanki nik kira, Batula."

"Ke mi ya hana ki faɗi? Ɗiyarki ta. Ni da wane baki?"

"Ni kuma da wane ido zan dubi matan nan?"

Kowacce ta ga wautarta a fuskar 'yar'uwarta. Atu ce ta fara share ido da gefen zane, tana faɗa wai hayaƙin maƙwabta ya dame ta. Ta ce ta ji Alhaji na waya, motar shinkafar rani na tafe daga fadama cikin kwanakin nan. In ta iso, ita da kanta za ta tsaya gaban mata ta ce Batula za ta shiga kullum, mai magana ta yi.

Mota ta iso, Atu ta cika alkawari. Ba wadda ta ja, Ruwaida ma cewa ta yi ai tun farko haka ya kamata. Batula ta duƙufa. Ita ce kan tukunyar turara tun da sassafe, ita ce wurin shanya da rana tsaka, ido na kan shinkafa, ido na kan sama, don hadari na haɗuwa a kwashe da gudu. Bayanta ya riƙe, tafin hannunta ya yi kanta. Kullum in za ta fita sai ta leƙa ofis, Abdulhakeem ya ɗaga mata kai alamar ana tafiya daidai.

Ranar Juma'ar ƙarshe ta wata, ta fito daga aikin safe ta ga Na'iya a bakin ƙofa a kan babur, bai ko kashe shi ba. Ba ya zuwa injin, don haka tun kafin ya yi magana ta san ba lafiya ba.

"Inna ta bugo. An kwantar da ita. Wanga karon ƙirji na."

Ba a aikin yamma ranar Juma'a. Ta hau bayansa da ƙurar shinkafa a jikinta. Hanyar Kebbe ta sha ruwa, inda ba rami akwai taɓo, wani wurin sai ta sauka ya tura. A haka suka isa.

Ɗakin mata na asibitin cike yake, masu jinya sun shimfiɗa tabarmi tsakanin gadaje. Zulaihat na gadon ƙarshe, an sa mata ƙarin ruwa, idanunta sun yi ɗorawa, leɓɓanta sun bushe. Numfashi take ja a gajarce kamar mai tsoron kada ya ƙare. Inna Madina na zaune a ƙasa da carbi, ta tsufa a kwana biyu. Na'iya ya tsaya daga ƙofa ya yi sannu ya koma waje.

Batula ta tsaya inda aka san uwa na tsayawa, nesa kaɗan, ta gaida Inna, ta gaida masu jinya. Sai yarinyar ta motsa ƙafa ta cije baki, wani ɗan sauti ya fito mata. Batula ba ta san lokacin da ta ratsa tabarmin mutane ba. Ta zauna a bakin gado, ta ɗauki ƙafafun nan sirara ta ɗora a cinyarta, ta fara matsawa a hankali.

"Sannu, Zulaihat. Sannu, ɗiyata."

Masu jinya suka juyo. Wata tsohuwa ta taɓe baki ta kalli ta kusa da ita. Inna Madina ta ci gaba da jan carbinta kamar ba ta ji ba. Ita kuwa yarinyar ido ta zuba wa uwarta, ta kasa ko ƙiftawa. Can ta miƙo hannun da ba allura ta kama gefen zanen Batula ta riƙe.

Sun daɗe a haka. Batula ta ba ta ruwa a cokali, ta goge mata goshi, ta warware mata kitson da ya tsufa ta kama mata shi gida biyu. Abubuwan da ta shekara goma sha uku tana kallon wata na yi, ta yi su duka a yammacin nan. Daɗi da baƙin ciki suka cakuɗe mata har ta rasa wanne ya fi yawa.

Bayan la'asar Na'iya ya leƙo ta taga. Gabas ta yi baƙi. Ba sai ya faɗa ba, ta sani: in ruwan nan ya sauka suna Kebbe, gobe ba babur ɗin da zai ratsa hanyar kafin rana ta take, aikin Asabar kuwa ya wuce ke nan.

"Adda," in ji Zulaihat, muryarta can ƙasa. "Ki kwana."

Batula ta duƙa kusa da kunnenta. Ba ta iya yi mata ƙarya ba, ba ta kuma so yarinyar ta ɗauka kunya ce za ta sake fitar da ita daga ɗakin. Ta gaya mata komai dalla-dalla, da na'urar, da awannin, da yini biyun da suka rage. Ta ce in ta kwana, ruwan nan da ke shiga hannunta shi ne na ƙarshe da za a sa mata a kan kati har damina ta wuce.

"Amma in kin ce in zauna, in zauna. Wallahi in zauna."

Yarinyar ta ɗaga ido ta kalli ledar ruwan da ke rataye, ta daɗe tana kallo. Ta san abin da ciwon ke yi in babu shi, ta fi kowa sani. Hawaye ya gangaro mata ta gefe ya shiga kunne. A hankali ta saki zanen.

"Ki tafi, Adda. Kada ruwa ya tare ku."

Da Batula ta zo fita, tsohuwar nan ta bi ta da kallo ta ce wa ta kusa da ita, ba a ɓoye ba, "To, kunyar ta dawo. Dama ina za ta iya kwana gaban ɗiyar fari." Batula ta ji. Ba ta juya ba.

Ruwan ya kama su a hanya, suka shiga Tambuwal sharkaf. Asabar ta yi aiki, Lahadi ta yi aiki. Ba ta san me hannunta ke yi ba, sau biyu Ruwaida na karɓe mata matankaɗi tana cewa ta zauna ta huta, ita kuwa ta ƙi. Duk ƙarar waya a rumfar sai ta ɗago kai. Ranar Lahadi da azahar Inna Madina ta bugo ta ce numfashi ya daidaita, har ta sha kunu ta nemi ƙari.

Da yamma ta dangwala yatsa, ta shiga ofis. Abdulhakeem ya duba, ya sake dubawa, ya yi murmushi.

"Kin kai, Gwaggo. Kati na nan."

Ta ce alhamdulillahi, ta zauna a kan benci. Daga nan kasuwa ta wuce. Ta sayi dabino da lemo, da 'yar rigar sanyi mai hula, da man zafi na shafawa. A gida ta ƙulle su a ɗankwali tare da kayanta na mako guda. Ta gaya wa Na'iya da safe za ta Kebbe, kuma wannan karon ba ta ce gaida Inna za ta ba.

Kafin magariba Atu ta yi sallama. Ta ga ƙullin a bakin gado, ta ƙi zama.

"Batula, gobe sabon lissafi za a fara."

"Na sani, Yaya. Mako guda kawai."

"Shinkafar da ar rage ta mako guda ta. Alhaji ya ce ba wata mota sai kaka, damina ba a shanya. Abin da mace tas samu makon ga, shi za ta riƙa ja har wata uku. Wadda ba ta nan..." Ta kasa ƙarasawa. "Ni dai na ce in faɗa miki da bakina. Kada in sake yin shiru."

Bayan ta tafi, Batula ta daɗe zaune tana kallon ƙullin. Ba ta yi kuka ba, abin ya wuce nan. Can ta jawo shi ta kwance, ta fitar da zannuwanta ta mayar cikin akwati, ta sake ɗaure sauran.

Da safe ta biya tasha kafin ta wuce injin. Ta samu ɗan acaɓan da ke zuwa Kebbe, ta miƙa masa ƙullin, ta kwatanta masa ɗakin da gadon.

"In ce daga wa?" ya tambaya.

"Ka ce daga uwarta."

"In ta ce yaushe kina tafe fa?"

Daga can bayan kasuwa injin ya tashi, ƙararsa ta iso har tasha.

"Ka ce ta sa rigar in hadari ya taso," in ji Batula, ta juya da sauri don kada ta makara.